RUWAN SAMA A TSEREN FORMULA 1: GWANINTA CE KO SA'A?



Na san yawancinmu in ba ƙwallo ba ce ba ma kallo, kuma duk wanda ya ce yana bin tseren motoci sai a riƙa yi masa kallon wanda ya rasa aikin yi. Maganar da aka fi jifan mu da ita ita ce: "Ai mota ce ke cin tseren nan, ko direban tasha ka ɗora a motar da ta fi gudu shi zai zo na ɗaya." To gaskiya akwai ƙamshin gaskiya a ciki, ba zan ja ba. A 2016 wasu masu bincike na jami'ar Sheffield a Ingila sun bi sakamakon gasar Formula 1 daga 1950 zuwa 2014, suka tarar ƙungiyar da ta ƙera motar ta fi direba tasiri nesa ba kusa ba, kuma tasirin nata ƙaruwa yake yi shekara bayan shekara. Amma binciken ya nuna nauyin motar yana iya raguwa a wurare biyu: titunan cikin gari masu ƙunci, da ranar da aka yi ruwa. A kan ruwan nan zan yi magana. Rubutun yana da ɗan tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye sai dare.

Bari mu fara da abin da ruwa ke yi wa motar. A busasshiyar kwalta, tayar tsere sumul take, ba zane ba tsaga, don duk faɗinta ya manne da ƙasa. Da ruwa ya kwanta, wannan tayar ta zama banza, domin ruwan ba shi da inda zai bi ya fita, sai ya shiga tsakaninta da kwalta ya ɗaga motar. A lokacin ko ka murɗa sitiyari ko ka taka birki duk ɗaya ne, kwale-kwale kake ciki. Shi ya sa ake da taya iri biyu na ruwa: mai koren zobe ta yayyafi da jiƙaƙƙiyar hanya, da mai shuɗin zobe ta ruwa mai ƙarfi, wadda kamfanin Pirelli ya ce kowace ɗaya tana watsar da wajen lita 85 a sakan guda in ana gudun kilomita 300 a awa. Ku auna wannan ruwan sau huɗu yana tashi sama a bayan mota ɗaya, sannan ku sa kanku a kujerar wanda ke binta. Ga wani abu kuma: layin da kowa ke bi a ranar rani, inda robar taya ta shafe kwalta ta yi baƙi, shi ne ya fi ko'ina santsi in ya jiƙe. Dole direba ya bar hanyar da ya haddace ya riƙa lalube da jikinsa, kwana bayan kwana, kuma inda ya samu riƙo a wannan zagayen ba lallai ya same shi a na gaba ba. Ƙarfin inji kuwa ya koma abin tsoro. In ka danne totur da garaje, tayar baya ta juya a banza, sai ka ga kanka kana kallon inda ka fito.

Tun kafin a kafa gasar a 1950 Jamusawa suna da wanda suke yi wa laƙabi da sarkin ruwa, Rudolf Caracciola, wanda ya ci tseren Jamus na 1926 cikin ruwa. Amma ni daga Jackie Stewart zan ɗauko.

A 1966 a Spa ta ƙasar Beljiyam, hanyar tseren wajen kilomita 14 ce, ta ratsa ƙauyuka da gonaki. An tashi a busasshiyar kwalta, can gaba suka afka cikin ruwa ba shiri. Stewart, ɗan Sikotilan, ya zame ya bar hanya, motar ta lanƙwashe ta matse shi, tankin mai ya fashe fetur yana ta kwarara a jikinsa. Ya yi kusan minti 25 a haka. Ba jami'an ceto ne suka ciro shi ba, direbobi biyu ne 'yan uwansa, Graham Hill da Bob Bondurant, da sifanar da suka aro wurin wani ɗan kallo suka kwance sitiyarin. Daga ranar ya riƙa ɗaure sifana a cikin motarsa, kuma ya zama ƙaya a wuyan masu shirya tsere kan maganar tsaro, har wasu suna ce masa matsoraci. To wannan "matsoracin" ne ya je Nürburgring a Jamus ranar 4 ga Agusta 1968, hanya mai kusan kilomita 23 a cikin daji da tsaunuka, ga ruwa ga hazo, ga wuyan hannunsa a ɗaure saboda karayar da ya samu a farkon shekarar. Ya tashi na shida, kafin a gama zagayen farko yana gaba, ya gama tseren ya ba wanda ya zo na biyu, wato Graham Hill, tazarar sama da minti 4. Minti fa, ba sakan ba. Sai dai a faɗi gaskiya duka: tayoyin ruwa na Dunlop da ke motarsa ta Matra sun fi na abokan hamayyarsa a ranar. Ku riƙe wannan, domin kusan kowane labarin bajinta a ruwa in ka tona za ka tarar da irin wannan "sai dai" a ƙarƙashinsa.

1976 ita ce shekarar da ta fi tsaya min a rai. Niki Lauda na Ferrari, ɗan Ostiriya, shi ke riƙe da kambu kuma yana gaba da nisa. Kafin tseren Nürburgring na 1 ga Agusta ya nemi direbobi su ƙaurace saboda hatsarin hanyar, aka rinjaye shi. A tseren motarsa ta daki shinge ta kama da wuta, ya ƙone a kai da fuska, ya shaƙi hayaƙi mai guba, har aka kira limamin coci ya yi masa addu'ar bankwana a asibiti. Bayan mako shida ya dawo tsere a Monza da raunin da bai warke ba, ya zo na huɗu. Aka zo tseren ƙarshe a Fuji ta Japan, 24 ga Oktoba, yana gaban James Hunt na McLaren da maki 3. Ruwa kamar da bakin ƙwarya. Aka yi ta jinkiri, daga ƙarshe aka ce a tashi. Lauda ya yi zagaye biyu ya shigo gareji ya kashe mota ya fito. An ba shi shawarar a ce motar ce ta samu matsala don a rufa masa asiri, ya ƙi, ya ce a faɗi abin da ya faru. Wutar ta lalata masa fatar ido, ƙiftawa ma wahala take yi masa, balle ya gani a cikin feshin ruwa. Daga baya ruwan ya ɗauke, hanya ta fara bushewa, tayar Hunt ta cinye har sai da ya shiga gareji dab da ƙarshe, ya fito na biyar, ya fafata ya gama na uku. Maki 69 da 68, Hunt ya ɗauke kambu da maki ɗaya. Jaridun Italiya ba su raga wa Lauda ba. Ni dai a wurina mutumin da ya ga mutuwa da idonsa wata uku da suka wuce, ya auna ya ga ba ya ganin gabansa, ya ajiye kambun duniya ya sauka, ba ni da bakin ce masa rago. Ya dawo ya ci kambun a 1977, ya sake ci a 1984. Wanda ya kalli fim ɗin Rush na 2013 ya ga labarin, ko da yake 'yan fim sun ƙara gishiri a gabar da ke tsakaninsu.

Yanzu sai Monako, 3 ga Yuni 1984, tseren da har yau ake musu a kansa. Wani sabon yaro ɗan Brazil, Ayrton Senna, yana shekararsa ta farko a ƙaramar ƙungiyar Toleman, ya tashi na 13 a titin da wuce mota ya fi ko'ina wuya. Cikin ruwa ya riƙa tsinke su ɗaya bayan ɗaya, ya wuce Lauda kansa ya zama na biyu, ya shiga cin tazarar Alain Prost na McLaren da ke gaba, sakan da yawa a kowane zagaye. Prost ya fara ɗaga hannu yana nuna a tsayar da tseren. Mai kula da tseren, Jacky Ickx, ya sa aka ɗaga jar tuta. Senna ya wuce Prost daidai layin ƙarshe yana murna a zatonsa ya ci, amma doka ta ce a koma sakamakon zagayen baya, na 31, inda Prost ke gaba da wajen sakan 7. Nan da nan aka fara gunaguni, tunda Ickx yana tuƙa wa Porsche a wata gasar, kuma Porsche ce ta ƙera injin motar Prost.

Abu biyu ne mutane ke mantawa da su a labarin nan. Na farko, a bayan Senna akwai wani Bajamushe, Stefan Bellof na Tyrrell, wanda ya tashi na ƙarshe kuma yana cim musu su biyun. Motarsa ce kaɗai a tseren mara injin turbo, wato ita ce mafi rauni, amma ƙarfinta a hankali yake zuwa, ba kamar na turbo da ke zuwa bagatatan kamar harbin jaki ba, kuma a santsi wannan raunin ya zama riba. Daga baya aka soke duk sakamakon Tyrrell na shekarar kan saɓa doka, shi kuma Bellof ya rasu a hatsarin tsere a Spa a 1985, sai tarihi ya bar wa Senna ranar shi kaɗai. Na biyu, tunda ba a yi nisan da doka ta tanada ba, rabin maki aka raba. Prost ya samu 4.5 maimakon 9. Da an bari an gama, ko da Senna ya wuce shi ya zo na biyu, maki 6 zai samu. A ƙarshen shekara Lauda ya doke shi da 72 da 71.5. Rabin maki! Garin neman gira aka rasa ido.

Kada kuma wani ya ɗauka Prost ba direba ba ne. Mutum ne mai kambu 4 da nasara 51. Abin da ya sa ba ya wasa da ruwa yana da asali: a 1982 a Hockenheim, lokacin gwaji cikin ruwa, Didier Pironi na Ferrari, wanda ke kan gaba a gasar shekarar, ya shigo cikin feshi bai ga motar Prost ba ya hau bayanta, motarsa ta tashi sama, ƙafafunsa suka ragargaje, bai sake tseren Formula 1 ba. Prost yana wurin ya ga komai. Santsi ba ya damunsa, rashin gani ne ya ƙi yarda da shi. A Adelaide ta Ostireliya a 1989 zagaye ɗaya ya yi ya sauka. A tseren nan Senna yana gaba da tazara mai yawa, ya shiga feshi ya daki bayan motar Martin Brundle da bai gani ba, ya fita. Gwanin ruwa ma in bai gani ba, makaho ne.

Nasarar Senna ta farko ma a ruwa ta zo, a Estoril ta Fotugal a Afrilun 1985 cikin motar Lotus, inda ya zagaye kowa in ban da Michele Alboreto. Ana ba da labarin cewa tun yana yaro a ƙananan motocin kart an taɓa lallasa shi a ruwa, daga nan duk ranar da hadari ya haɗo sai ya fita atisaye. Amma wadda aka fi yayatawa ita ce Donington a Ingila, 11 ga Afrilu 1993. Shekarar motar Williams ta Prost da Damon Hill ta fi ta kowa, Senna kuma yana McLaren da injin Ford na saye wanda bai kai nasu ƙarfi ba. Ya tashi na huɗu, ya faɗo na biyar a kwanar farko, sannan cikin zagaye ɗaya tak ya wuce Michael Schumacher, ya zagaya Karl Wendlinger ta waje inda kowa ke tsoron bi, ya wuce Hill, ya wuce Prost. Ku nemi bidiyon, bai kai minti biyu ba. Ranar ruwan wasa yake yi da mutane, ya zo ya ɗauke ya dawo. Prost ya tsaya canjin taya sau 7, Senna sau 4, ya ci da tazarar sama da minti ɗaya da sakan 20. Shi da kansa ya nuna ta Estoril ta fi wuya, domin motar 1993 tana da na'urar da ke hana tayar baya zamewa. Kuma a wannan zagayen farkon, wani matashi Rubens Barrichello ya taso daga na 12 zuwa na huɗu a motar Jordan, amma ba wanda ke maganarsa, tunda motar ta mutu kafin a gama.

Shekarar 1996 kaɗai ta isa ta raba mana gardama. Ranar 19 ga Mayu a Monako, Schumacher ya tashi a gurbin farko, hanya a jiƙe, ya daki shinge tun a zagayen farko. Motoci uku kacal suka tsallake layin ƙarshe, Olivier Panis na Ligier da ya tashi na 14 ya ci, kuma ita ce kaɗai nasararsa a gasar Formula 1. Mako biyu bayan nan a Basalona, cikin ruwan da ya fi wancan, Schumacher ɗin nan da Ferrarin da kowa ya san ba ta kai Williams ba ya riƙa fin kowa da sakan 3 ko fiye a wasu zagayen, ya ci da tazarar sakan 45. Mutum ɗaya, mota ɗaya, mako biyu tsakani. Shi ya sa nake cewa tsere ɗaya a ruwa ba ya tabbatar da komai. A 2007 a Nürburgring wani Markus Winkelhock, a tserensa na farko kuma na ƙarshe, cikin Spyker da ke can ƙasan teburi, ƙungiyarsa ta hango hadari ta sa masa tayar ruwa kafin a tashi. Ruwa ya sauko, manya suka watse, sai ga shi yana jan ragamar tsere na 'yan zagaye. Wannan kam sa'a ce da wayon mutanen gareji. Amma in ka ga suna ɗaya yana ta dawowa duk ranar ruwa shekara da shekaru, sa'a ba ta zama a gida ɗaya haka.

Ma'aunin da na fi yarda da shi shi ne a duba abokin aikin direba, tunda motarsu iri ɗaya ce. Silverstone, 6 ga Yuli 2008: Heikki Kovalainen na McLaren ne ya samu gurbin farko, Lewis Hamilton ya tashi na huɗu a irin motar. Da aka gama, Hamilton ya ba na biyu tazarar sakan 68, Kovalainen ya zo na biyar an zagaye shi. Felipe Massa na Ferrari ya yi juyi sau 5 ya zo na ƙarshe. A nan ba maganar mota. Amma da wannan ma'aunin dai in ka auna nasarar Sebastian Vettel a Monza wata biyu bayan nan, sai ka ɗan rage murya. Eh, yaro ne ɗan shekara 21, a ƙaramar ƙungiyar Toro Rosso, ya samu gurbin farko ya kuma ci tsere a ruwa, bai yi kuskure ko ɗaya ba. Sai dai abokin aikinsa Sébastien Bourdais ma na huɗu ya samu a gwajin Asabar, alamar motar ta dace da ranar, ga injin Ferrari ga zanen injiniyoyin Red Bull.

Ƙarshen shekarar 2008 ɗin a Brazil kuwa, yayyafin 'yan mintuna ne ya yanke kambu. Hamilton yana buƙatar na biyar. Saura zagaye kaɗan ruwa ya fara, kusan kowa ya shiga ya canza taya, Timo Glock na Toyota ya zauna da busasshiya. Vettel ya wuce Hamilton ya mayar da shi na shida. Massa ya tsallake layi a gaban mutanen garinsu, iyalinsa suna rungume-rungume a gareji. A kwanar ƙarshe ta zagayen ƙarshe, ruwan ya ƙaru, motar Glock tana tangaɗi, Hamilton ya wuce shi. Maki 98 da 97. Glock ya sha zagi shekaru, wai ya sayar da tsere, alhali abokin aikinsa Jarno Trulli da ke kan irin tayar kusan lokaci ɗaya suka yi a zagayen, kuma zaman da ya yi a waje ma matsayi ya ƙara masa. Masu zagin ko dubawa ba su yi ba.

Zaɓin taya ɗin nan wani fanni ne na gwaninta da ba a gani a talabijin. Jenson Button ba a sa shi a sahun su Senna wajen tsabar gudu, amma a hanyar da ba ta jiƙe sosai ba kuma ba ta bushe ba, da wuya a samu kamarsa. A Kanada a 2011, tseren da ya ɗauki sama da awa 4 saboda dakatarwa, ya yi karo da Hamilton, ya yi karo da Fernando Alonso, ya bi ta layin gareji sau 6, ya koma na ƙarshe, sannan ya taso ya matsa wa Vettel lamba har ya zame a zagayen ƙarshe. A Turkiyya a 2020 ƙungiya ta so Hamilton ya shigo ya canza taya dab da ƙarshe, ya ƙi, ya ci gaba da tsohuwar da ta cinye ta zama sumul daidai da hanyar da ke bushewa, ya ci tsere ya ɗauki kambunsa na 7. A Rasha a 2021 Lando Norris yana gaba, nasararsa ta farko tana hannu, aka kira shi ya ƙi shigowa, ruwa ya tsananta, ya gama na bakwai, Hamilton da ya saurari garejinsa ya samu nasara ta 100. Duka biyun ƙin bin umarni ne, ɗaya aka kira shi dattako, ɗaya aka kira shi ƙuruciya.

Akwai ɓangaren da ba daɗin faɗa. Ranar 5 ga Oktoba 2014 a Suzuka ta Japan, ana ruwan da guguwar teku ta kawo, duhu ya fara, motar Adrian Sutil ta zame ta bar hanya, aka shigo da katafila don ɗauke ta. A zagaye na gaba Jules Bianchi, Bafaranshe ɗan ƙaramar ƙungiyar Marussia, ya zame a wuri ɗaya ya shige ƙarƙashinta. Bai farfaɗo ba, ya rasu ranar 17 ga Yuli 2015 yana da shekara 25, direba na farko da ya mutu sanadin tseren gasar tun bayan Senna a 1994. Yaron nan shi ne ya samo wa ƙungiyarsu makinta na farko a Monako watanni kaɗan kafin nan, kowa ya shaida yana da hannu. Bayan abin ne aka shigo da tsarin da ke tilasta wa kowa rage gudu lokaci ɗaya in an yi hatsari. Duk da haka a 2022 a Suzukar dai, cikin ruwa, Pierre Gasly ya wuce wata motar ɗaukar kaya a kan hanya, ya fito yana ta faɗa, kuma da gaskiyarsa.

Wannan ne ya kawo mu inda muke yau, kuma a nan nake da ƙorafi. A 2017 aka faɗaɗa motocin da tayoyinsu, daga 2022 zuwa 2025 kuma aka yi amfani da tsarin da ƙasan mota ke zuƙo iska, wanda ke tsotse ruwan kwalta ya watsa shi sama. Feshin ya kai inda duk ruwan da ya isa a sa shuɗiyar taya, ya isa a dakatar da tsere saboda ba a gani. Hukumar FIA ta gwada sa wa tayoyi murfi don rage feshin, bai yi aiki ba, aka watsar. Abin kunya mafi girma shi ne Spa a Agustan 2021: 'yan kallo sun yi sama da awa 3 a cikin ruwa da taɓo, aka yi 'yan zagaye a bayan motar tsaro ba wanda ya wuce wani, aka ce an yi tsere, aka raba rabin maki. Ban ce a tura mutane su mutu ba, bayan Bianchi ba mai hankalin da zai ce haka. Amma irin ranar Stewart ta 1968 ko ta Schumacher ta 1996, da yau ce da jar tuta za a ɗaga kafin a san waye waye.

In an samu ruwa daidai wa daida kuwa, har yanzu ana ganin abin. Max Verstappen yana ɗan shekara 19 a Brazil a 2016 ya taso daga na 16 zuwa na uku cikin zagaye goma sha wani abu na ƙarshe, yana bin gefen da sauran suka guje wa. A Nuwamban 2024 a hanyar dai, ya tashi na 17, Norris da ke farautar kambunsa ya tashi na ɗaya. Ruwa ya ƙaru a tsakiya, Norris da George Russell suka shiga canza taya, Verstappen da direbobin Alpine biyu suka yi ta maza suka zauna a waje. Jim kaɗan aka yi hatsari aka ɗaga jar tuta, doka kuma ta yarda a canza taya kyauta lokacin dakatarwa. Norris ya gama na shida, ya ce wa 'yan jarida wannan sa'a ce ba gwaninta ba, maganar da daga baya ya janye. Jar tutar sa'a ce, wannan haka yake. Amma kafin ta zo sai da Verstappen ya wuce motoci da yawa da hannunsa, bayanta kuma ya ƙwace gaba daga Esteban Ocon ya tsere da tazarar sakan 19, abokin aikinsa Sergio Pérez a irin motar ya gama na 11. Su kuma Alpine, da na biyu da na ukun da Ocon da Gasly suka samu, ƙungiyar ta tashi daga ta tara zuwa ta shida a teburi a yini ɗaya, kuma a gasar nan kowane mataki a teburin miliyoyin daloli ne a rabon kuɗin ƙarshen shekara.